Maƙwabci Kafin Gida, Gida Kafin Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wasiƙar da za mu duba a wannan mako ta zo mana ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a birnin Houston na Jihar Texas a ƙasar Amurka, shi da matarsa da 'ya'yansu uku. Ya ce ya shekara goma sha biyu yana zaman haya, yanzu kuwa Allah Ya hore masa abin da zai fara maganar mallakar gida. Amma kuma yana da wata babbar mota irin ta tafi-da-gidanka, wadda ya saya don yawon hutu da iyalinsa, kuma duk wata sai ya biya kuɗin wurin da ake ajiye masa ita. Dillali ya nuna masa gidaje biyu. Na farko yana cikin gari, kusa da masallaci da makarantar Islamiyyar da yaransa ke zuwa, sai dai dokar unguwar ta hana ajiye irin wannan mota a ƙofar gida. Na biyu yana can bayan gari, tafiyar kusan sa'a guda, yana da fili mai faɗi da rumfar da za ta ɗauke motar, amma ya fi tsada, har sai ya ƙara cin bashi kafin ya same shi. Shi ransa yana kan na biyu, uwargida kuwa ta fi son na farko. Ya rufe wasiƙarsa da tambaya cewa, shin akwai laifi a Musulunci idan mutum ya zaɓi gida saboda wurin ajiye motar shaƙatawa?

Kafin mu shiga amsa, ya kamata mu bayyana wa mai karatu irin wannan mota, domin ba kowa ya taɓa ganinta ba. Amurkawa suna kiranta RV a taƙaice. Ɗaki ne sosai a kan tayoyi, da gado da kujeru da wurin girki da makewayi da tankin ruwa. Wata tana da injinta, wata kuwa janta ake yi da wata motar. Babba daga cikinsu takan kai ƙafa 45 a tsawo, faɗinta ƙafa 8 da rabi, tsayinta sama kuwa wajen ƙafa 13, alhali ƙofar garejin da aka saba yi a gidajen ƙasar ba ta wuce ƙafa 7 ko 8 ba. Mafi yawansu ana ƙera su ne a yankin Elkhart na Jihar Indiyana. A shekarar 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da fiye da 600,000, kuma ƙungiyar masu ƙera su ta ce a shekarar nan gidaje fiye da miliyan 11 ne ke da irinta. Galibin masu ita makonni kaɗan suke yi a cikinta a shekara, sauran watanni tana tsaye. Wannan tsayuwar ita ce ta haifar da matsalar, gama unguwanni da yawa a Amurka suna da ƙungiyar masu gidaje, wadda duk mai sayen gida yake sa hannu a kan sharuɗɗanta, kuma da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan sun hana a bar irin wannan mota a bainar jama'a. Wanda ya saɓa sai a ci shi tara, in ya ƙi biya har a iya ɗora bashin a kan gidan.

To, asalin al'amarin dai halal ne, kuma bai kamata wani ya yi gaggawar haramta wa bayin Allah abin da Allah bai haramta ba. A cikin Suratun Nahli, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa gidajen zama a cikin ni'imominSa, sa'an nan nan take Ya lissafa ɗakunan fatu waɗanda ba su da nauyin ɗauka a ranar tashi da ranar sauka. Watau ɗakin da ake tafiya da shi abu ne da Alƙur'ani ya sani, ya kuma ambace shi a wurin gode wa Allah. A farkon surar kuma an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, cewa an halicce su don hawa da kuma ado, wanda ya nuna cewa jin daɗin abin hawa ba abin kunya ba ne. Yawo a bayan ƙasa don duba ayoyin Allah kuwa an kwaɗaitar da shi a wurare da yawa. Uban da ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su suka ga duwatsu da koguna da hamada, yana girka musu halal a cikin motarsa, yana tsayar da salla da su a duk inda lokaci ya riske su, ba za mu ce ya yi asarar dukiyarsa ba. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilmi.

Har wa yau, Ibnu Hibbana ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abubuwa huɗu a cikin jin daɗin ɗan Adam, su ne mace tagari, da gida mai yalwa, da maƙwabci nagari, da abin hawa mai daɗi. Mai wasiƙarmu zai iya cewa ai ga hujjarsa nan, tun da yake gida mai yalwa yake nema domin abin hawa mai daɗi. Amma fa ya lura, abubuwan guda huɗu ne. Biyu daga ciki mutane ne, biyu kuma dukiya ce. Abin da ke gabansa shi ne ya ƙara wa dukiyar biyu ƙarfi ta hanyar rage wa mutanen biyu haƙƙi, domin matar ba ta so, maƙwabtan da ya saba da su a sahun salla kuma zai bar su. A nan ne tambayar ta tashi daga batun halal da haram ta koma batun jeri, watau me ke gaba, me ke biye.

Malaman usulu, musamman Imamu Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa bukatun ɗan Adam kashi uku. Akwai na larura, waɗanda in babu su rayuwa ko addini zai lalace. Akwai na bukata, waɗanda in babu su za a shiga ƙunci da wahala. Akwai kuma na ƙawa, waɗanda suke ƙara wa rayuwa armashi kawai. Ƙa'idar da suka kafa ita ce, ba a rusa na sama don a gina na ƙasa. Rufin da iyali za su kwana a ƙarƙashinsa larura ne. Motar zuwa aiki, a gari irin Houston inda nisa ya yi yawa, bukata ce. Rumfar motar hutu kuwa, duk yadda aka juya ta, ƙawa ce. Idan an gane haka, sai mu auna shawarar da ma'auni uku.

Ma'auni na farko shi ne kuɗin da za a saya. Yawancin gidaje a Amurka da bashin banki ake sayensu, a jinginar da gidan, a yi ta biya har shekara 30 tare da kuɗin ruwa. Haramcin riba kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya karanta ƙarshen Suratul Baƙara. Gaskiya ne a shekarar 1999 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, a zamanta na birnin Dublin, ta yi sauƙi ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen da babu wata hanya, cewa ya iya sayen gidan zama da irin wannan bashi. Wasu malamai da yawa ba su yarda da fatawar ba. Amma ko waɗanda suka bayar da ita sun gindaya sharuɗɗa: gidan ya zama na zaman mai saye da iyalinsa, kada ya kasance yana da wani gidan, kada kuma ya kasance yana da rarar dukiyar da za ta isa ya saya ba tare da bashin ba. Hujjarsu ita ce matsananciyar bukata, ita kuwa bukata ana auna ta ne gwargwadonta. Babu yadda za a yi a ja wannan sauƙi har ya lulluɓe ƙarin fili da rumfar mota. Wanda ya ci riba don ya rufa wa 'ya'yansa asiri, malamai sun yi saɓani a kansa. Wanda ya ƙara riba a kan riba don ya rufa wa mota asiri, ban san malamin da zai tsaya masa ba.

Sa'an nan kuma yanzu akwai kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar Musulunci a Amurka, kamar Guidance Residential da ya fara aiki a 2002, wanda yake shiga tarayya da mai saye, shi kuma yana fansar rabon kamfanin kaɗan kaɗan har gidan ya zama nasa. Wanda ya bi wannan hanya ya tsira daga babban abin tsoro, in Allah Ya so, amma bai tsira daga nauyin bashi ba. Manzon Allah ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, ya kuma bayyana cewa mai bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. An kuma ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Mun ji ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma hanjin wani ya fi na wani nauyi. Mutanen Amurka ba su manta da shekarar 2008 ba, sa'ad da darajar gidaje ta faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu saboda sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Gida dai wani lokaci darajarsa takan tashi. Ita kuwa motar hutu, tun ranar da aka fito da ita daga wurin dillali take raguwa, ga inshora, ga gyara, ga mai. Mai doki ya san cewa kuɗin sayen doki sau ɗaya ake biya, amma dawa da harawa kullum ne.

Ma'auni na biyu shi ne maƙwabci. Wataƙila wani ya ce, to me zai hana ya sayi gidan cikin gari, ya ajiye motarsa a ƙofar gida, ya yi kunnen uwar shegu da dokar unguwa, tun da ba Musulmi ne suka kafa ta ba? Wannan kuskure ne babba. Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umurnin cika alkawura, hadisi kuma ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗauka, muddin sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Wanda ya sa hannu a takardar unguwa yana sane da abin da ke ciki, ya ɗaure kansa da kansa. Kuma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, yana kafa hujja da wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi game da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun yi zurfi ƙwarai a wannan babi. A ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini a Tunis, ana ce masa Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gine-gine, ya kuma tattara hukunce-hukuncen a littafi. A ciki an yi maganar hayaƙin gidan burodi da na gidan wanka, da tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, da bargar dabbobi da aka jingina da katangar maƙwabci, inda fitsarinsu ke cin gini, motsinsu kuma ke hana barci. Duk hukunce-hukuncen suna komawa ga hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da cutarwa. To, motar da tsayinta ya kai ƙafa 13, in aka jingina ta da shingen maƙwabci, za ta tare masa haske da iska. In aka bar ta a bakin titi, za ta rufe wa mai fitowa da mota ganin yaron da ke tsallakawa. In aka tayar da janaretonta da dare, za ta hana mara lafiya runtsawa. Ita ce bargar wannan zamani, hukuncinta kuwa bai canja ba. Ta wannan fuska, dole mu yaba wa mai wasiƙarmu, domin neman gidan da zai ɗauke motarsa ba tare da ya takura wa kowa ba ya fi ƙwarai a kan ya cusa ta inda ba a so.

Ma'auni na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne iyali da addininsu. A ƙasar da ba kasafai ake jin kiran salla a lasifika ba, inda yaro yake wuni a makaranta cikin waɗanda ba su san alwala ba, kusanci da masallaci ba ƙaramar dukiya ba ce. A can ne yaro zai ga cewa ba gidansu kaɗai ke azumi ba. A can matar da ta baro danginta a wata nahiya za ta sami waɗanda za su zo mata barka in ta haihu, su zo mata gaisuwa in an yi mata rasuwa. Zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa takan gaji in tafiya ta yi tsawo. Tafiyar sa'a guda zuwa, sa'a guda dawowa, a makon farko mutum zai yi ta da zafinsa. Bayan wata shida sai a bar Isha'i, sai a bar karatun Asabar, sai a wayi gari Idi kaɗai ke haɗa shi da jama'a.

Mai ilmi zai iya kawo mana labarin Banu Salima, waɗanda suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi, shi kuwa ya umurce su da su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu ladan takunsu. Haka ne, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Yana kuma iya ƙarawa da cewa a Risala, Juma'a tana wajaba ne a kan wanda ke cikin gari ko wanda bai wuce mil uku daga gare shi ba. Wannan ma haka ne. Amma Banu Salima an rubuta musu taku ne domin suna takawa. Wanda ya yi nisa ya daina zuwa, babu takun da za a rubuta masa. Kuma sauƙin da shari'a ta yi wa manomin da gonarsa ta nisanta shi da gari, bai kamata wanda ya nisanta kansa da gangan saboda abin wasa ya riƙe shi garkuwa ba. Allah Ya umurci muminai a Suratut Tahrimi da su kare kansu da iyalansu daga wuta, kowane uba kuma makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Game da uwargida kuwa, ita ce za ta wuni a gidan nan sa'ad da maigida ya tafi aiki. Motar makonni kaɗan za a yi a cikinta, gidan kuwa kwana 365 za a yi. Bai dace a yanke hukuncin shekara duka saboda makonnin nan ba, ballantana a yanke shi ba da yardar wadda za ta fi kowa ɗaukar nauyinsa ba.

Akwai kuma wani abu da zuciya ta kamata ta tuna. Irin wannan mota da wasu ke gina wa rumfa, ita ce kaɗai muhallin wasu. A titunan Los Angeles da San Francisco da Seattle akwai mutanen da suke kwana a tsofaffin motocin tafi-da-gidanka domin haya ta fi ƙarfinsu, ana korarsu daga wannan layi zuwa wancan. Ƙidayar da Ma'aikatar Gidaje ta Amurka ta yi a watan Janairu na 2024 ta sami mutum fiye da 770,000 da ba su da matsuguni a dare guda. Ba muna cewa laifin mai wasiƙarmu ba ne, kuma shari'a ba ta ɗora zakka a kan abin hawan da mutum ya ajiye don amfanin kansa ba. Amma Abu Sa'idil Khudri ya ba da labarin wata tafiya da Annabi ya umurci duk mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi, mai rarar guzuri ma haka, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu mai haƙƙi a kan rararsa. A wani hadisin kuma na Buhari da Muslim an kasa masu dawaki uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda dokinsa sutura ce, shi ne wanda ya ɗaure shi don wadatar kai bai kuma manta da haƙƙin Allah a kansa ba, da wanda dokinsa zunubi ne, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya. Doki ɗaya ne, turke ɗaya, niyyar mai shi ce ta raba. Saboda haka mai irin wannan mota ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah, shin a shekarar da ta wuce wa ya amfana da ita ban da shi? Ya taɓa saukar da baƙo a ciki? Ya taɓa ba da aronta ga yaran masallaci? Garin da yake zaune ya ga ambaliyar guguwar Harvey a 2017, sa'ad da dubban iyalai suka rasa wurin kwana. A rana irin wannan, ɗaki mai tayoyi yana iya zama sadaka mai girma.

Amsarmu ga ɗan'uwa ita ce, babu zunubi a sayen gida mai filin ajiye motar hutu, idan kuɗin halal ne, bashin bai fi ƙarfinsa ba, maƙwabci bai cutu ba, addinin iyali kuma bai raunana ba. Wanda Allah Ya haɗa masa waɗannan duka, ya saya ya gode wa Allah, gama Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a kan bawanSa. Amma a yadda ya bayyana mana halinsa, biyu daga cikin sharuɗɗan nan ba su cika ba, domin zai ƙara bashi, zai kuma nisanta yara da makarantarsu ba da son mahaifiyarsu ba. Shawararmu ita ce ya ɗauki gidan cikin gari, ya cika alkawarin unguwa, ya ci gaba da biyan kuɗin ajiyar motar in yana da hali. In kuwa kuɗin ajiyar ya yi masa nauyi, ya sayar da ita, duk lokacin hutu ya yi hayar wata, tun da ana ba da hayarsu a ko'ina cikin ƙasar. Ya yi istihara, ya zauna da matarsa su yi lissafi a takarda, ya kuma nemi malamin da ke zaune a garinsu wanda ya san yanayin wurin fiye da mu. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, a nemi abokin tafiya kafin hanya. Mu kuma muna ƙara masa da cewa a nemi gida domin mutanen da za su zauna a ciki, sa'an nan a duba inda za a kafa turke.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonSa Ya yalwata mana gidajenmu na duniya da halal, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sanya mu ma mu zama nagari gare su, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa muhalli muhalli, Ya kuma yalwata mana kaburburanmu ranar da za a ɗauke mu a kan abin hawan da babu mai gina masa rumfa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.